Muntijak: Barewar Da Ake Jin Haushinta Kafin A Gan Ta

Wata asuba ce cikin Disamba, da irin sanyin da ya sa na daina yi wa hunturun Kano kallon gwani. Mu shida ne a bayan wata buɗaɗɗiyar mota ƙirar Gypsy, kowa ya duƙunƙune cikin bargo, muna ratsa yankin Bijrani na gandun dajin Corbett da ke jihar Uttarakhand a arewacin Indiya. A lokacin ina karatu a ƙasar, na ɗan tattara kuɗin hutu na hau jirgin ƙasa daga Delhi zuwa Ramnagar, garin da ke bakin gandun, da kyamarar aro rataye a wuya. Ba zato ba tsammani direba ya taka burki ya kashe inji. Daji ya yi tsit. Can cikin duhuwar itatuwa sai ga wata murya, "hau!", guda ɗaya tak, a shaƙe, sai ka ce karen da mura ta kama. Aka ɗan numfasa, aka sake. Aka kuma sakewa.

Ni dai tunanina shi ne wane mai ƙarfin hali ne ya shigo da kare dajin da ko sauka daga mota ba a yarda mutum ya yi ba. Ɗan jagoranmu ya ɗaga yatsa, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kakar, bhaiya." Wato yayana, kakar ce. Dariya ta kusa ƙwace mini, don Bahaushe in ya ji an ce "kakar", jira yake a gaya masa kakar wa. Ashe sunan dabbar ke nan da harshen Hindi. Turawa suna kiran ta muntijak, sunan da suka aro daga mutanen tsibirin Jaba na Indunusiya, ko kuma su ce barewa mai haushi. A Tailan ana ce mata keng, a Maleshiya da Indunusiya kijang. Can ma har martaba gare ta, don ita ce a tambarin babban bankin Maleshiya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda duk 'yan motarmu suka ɗaga kyamarori, amma babu mai neman wadda ta yi haushin. Kowa damisa yake jira, damisar Asiya mai zane-zane da ake kira taiga, wadda dominta mutane ke biyan kuɗin shiga Corbett. A ƙidayar 2022 an lissafa taiga 260 a wannan gandu, babu wani gandu a Indiya da ya kai shi. A nan ne kuma aka ƙaddamar da shirin ceto taiga na ƙasar a 1973. To a irin wannan wuri, barewa mai haushi matsayinta bai wuce na ɗan aike ba. Ana sauraron saƙonta, ba a damu da ganin fuskarta ba. Muka yi kusan minti ashirin muna zare ido. Ba taiga, ba dalilinta, ita ma mai haushin ko kunnenta ba mu gani ba.

Kafin mu je ga haushin, ya kamata a warware wani ruɗani da harshenmu ya jawo. Kalmar barewa aro na yi mata, don babu irin wannan dabba a ƙasar Hausa. Barewarmu da gada da mazo da gwanki duk dangin awaki da shanu ne. Ƙahonsu ƙashi ne daga ciki, an lulluɓe shi da wani kube mai irin sinadarin farce da kofato, ba ya reshe, kuma in ya fito ya fito ke nan har mutuwa. Dangin muntijak daban ne. Nasu ƙahon zallan ƙashi ne, yana faɗuwa wani ya sake tsirowa, kuma yayin da yake tsirowar wata fata mai laushi kamar karan-miski ce ke rufe da shi tana kai masa jini, in ya ƙosa ta bushe dabbar ta goge ta a jikin itace. A duk faɗin Afirka, a dazuzzukan arewacin nahiyar ne kawai, wajajen Aljeriya da Tunisiya, ake da wani ɗan asalin wannan dangi.

Amma da za ka ɗauko maharbi daga Ningi ko Falgore ka ajiye shi gaban muntijak, rantsuwa zai yi gada ce. Ja ce mai ɗan duhu, tsayinta a kafaɗa bai wuce rabin mita da 'yan kai ba, nauyinta wajen kilo 20 zuwa 30, gabanta a sunkuye, bayanta a ɗan tashe, ƙahon gajere ya kwanta baya. Ba 'yan uwan kusa ba ne, zama ne ya zo ɗaya. Duk dabbar da rayuwarta ta dogara ga kutsawa cikin sarƙaƙiya dole jikinta ya zama kamar tsinin allura, ba ta da halin ɗaukar rassan ƙaho da za su riƙa sarƙewa a kurmi. Haushin ma ba baƙo ba ne gare mu gaba ɗaya. Wanda ya taɓa kwana a Yankari zai iya jin mazo ya yi irinsa in ya firgita.

Inda muntijak ta bambanta da kowa shi ne fuska. Ƙahon namiji ba a kan ƙoƙon kai yake zaune kai tsaye ba. Wasu dogayen turaku biyu ne na ƙashi, lulluɓe da fata da gashi, suka taso tun daga goshi, ɗan ƙahon kuma ya hau samansu, tsawonsa da ƙyar ya kai na tafin hannu. Saiwar turakun nan ta gangaro kan fuska ta yi tudu biyu masu baƙin layi, suka haɗu wajen hanci kamar bakin almakashi. Mace ba ta da ƙaho, sai 'yan ƙululu biyu da tuntun gashi. Sannan ga haure. Namijin yana da fiƙoƙi biyu a muƙamuƙin sama da ke leƙowa ƙasan leɓe, tsawon gaɓar yatsa, masu kaifi. Da su ake faɗan gaske. Ƙaho na ture-ture ne da kare fuska, in ɗaya ya samu ya danne kan ɗaya, sai ya sa haure ya tsarge masa wuya ko kunne. Shi ya sa tsofaffin maza sau da yawa za ka gan su da yagaggen kunne. Ƙasan kowane ido kuma akwai wani rami mai fitar da maiƙo mai wari, wanda take gogawa a rassa da ciyayi don sanar da 'yan uwanta cewa nan fa da mai shi.

To me ya sa take haushi? Amsar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce gargaɗi take yi wa 'yan uwanta. Sai dai amsar tana da rauni, don muntijak ba ta garke. Ita kaɗai take yawo, in ka ga biyu to namiji ne da mace, ko uwa da ɗanta. Wa za ta gargaɗa? Kuma dabbar da dukan dabararta ita ce ɓuya, me zai kai ta tsayawa wuri ɗaya tana tallata kanta, wani lokacin har sama da awa guda?

Bayanin da ya fi kwanta mini, kuma masu nazarin halayyar dabbobi da dama suka karkata gare shi, shi ne cewa da maƙiyin take magana. Ka ɗauki magidancin da ya ji motsi bayan katanga da tsakar dare. Ba ihu yake fara yi ba. Gyaran murya yake yi da ƙarfi, ko ya haska tocila. Ba maƙwabta yake kira ba, ɓarawon yake gaya wa cewa idona biyu. Taiga da damisa mai ɗigo-ɗigo irin tamu duk 'yan kwanton ɓauna ne. Ba su da dogon numfashin tsere, jarinsu shi ne su matso dab ba a gan su ba, su yi tsalle ɗaya. Da zarar an gan su, ciniki ya watse. Saboda haka in muntijak ta ce "na gan ka", kowa ya huta: ita ba ta yi gudun banza ba, shi bai ɓata ƙarfinsa ba. Takan ci gaba da haushin ne har sai ta tabbatar da inda abin ya nufa, don wanda ka san inda yake ya fi wanda ya ɓace maka sauƙin sha'ani.

Sauran mazauna daji su ne 'yan cin bulus, saƙon ba nasu ba ne amma suna amfana. Mu ma 'yan yawon buɗe ido a sahunsu muke. Jagororin Corbett kalma ɗaya suke da ita ga duk wannan, "kol", wato kira da Turanci, kuma rabin sana'arsu karanta ta ne. A gandun akwai irin waɗannan bareyi kala huɗu, kowace da muryarta. Chital mai ɗigon fari, wadda ta fi kowa yawa, tana da siririyar ƙara. Sambar, ƙatuwa mai girman ɗan maraƙi ko fiye, tana buga wata irin tsawa kamar hon ɗin babbar mota. Ga ƙaramar da ke zama cikin dogayen ciyayin bakin kogin Ramganga, sannan ga tamu mai haushi. A saman bishiya kuma ga birin langur mai baƙar fuska, wanda ya fi su duka hangen nesa, kuma duk inda ya zuba ido yana tari, can abin yake. Jagoranmu ya ce shi sambar ya fi yarda da ita, in ta yi magana to da walakin. Kakar kuwa, in ji shi, ruwa dai ba ya tsami banza, amma abin da ke tsamar da nata ruwan yana da yawa. Tana yi wa damisa haushi, tana yi wa mutum, tana yi lokacin barbara, namiji yana yi don wani namijin ya ji. Dabarar ita ce a saurari tafiyar ƙarar. In biri ya fara a nan, chital ta karɓa can gaba, kakar ta ɗauka gaba da nan, to wani abu ne ke tafe a kan layin, sai a je a tare hanyar da zai tsallaka.

Duk wannan ya shafi mai ɗaukar hoto kai tsaye, ta fuskar da ban gane ba sai da na sha kunya. A idon muntijak, mutumin da ya tsaya cak, ya ƙura mata ido, ya ɗaga wani dogon baƙin abu ya auna ta, ya riƙa matsowa a hankali, ya cika duk sharuɗɗan maƙiyi. Yadda ka ƙware wajen sanɗa, haka take ƙara tabbatar da zarginta.

Ganina na farko da ita a yammacin ranar ne. Muna dawowa ta wata hanya da dogayen itatuwan sal suka yi wa rumfa, sai ga ta a gefen dama, tazarar da ba ta fi taku ashirin ba, tana tsintar wani abu cikin busassun ganye. Ta ɗago. Ta daskare, ƙafar gaba ɗaya a sama ba ta sauke ba. Ni kuwa jiki na rawa na miƙe tsaye, bargo ya zame, mota ta yi girgiza, na danna. Ta sunkuyar da kai, ta ɗaga jela, farin ƙasan jelar ya yi walƙiya sau biyu, shi ke nan, kamar ƙasa ta haɗiye ta. Da na duba kyamara, sai ga hoton wani ganye da ya fito raɗau, har jijiyoyinsa ana ƙirgawa, bayansa kuma wani jan dishi-dishi da ko ni da na ɗauka sai na yi rantsuwa kafin a yarda dabba ce.

Kuskure uku na tafka cikin daƙiƙa huɗu, kuma kowannensu daga halin dabbar ya samo asali.

Na farko haske. Muntijak ta fi fitowa da sassafe da kuma dab da magariba, kuma ba ta son fili. Ƙarƙashin rumfar daji a irin wannan lokaci, idonka yana ganin komai sarai don ido yana sabawa, amma kyamara a cikin duhu take. Hanya uku ce kawai take da ita ta samun haske. Ko a faɗaɗa ƙofar da hasken ke shiga, ko a daɗe da barin ƙofar a buɗe, ko a ƙara wa na'urar ciki kaifin ji, abin da ake kira ISO. Kowace da farashinta. Faɗin ƙofa yana da iyaka, kuma dogon gilashin da ke zuƙo nesa, irin mai milimita 400 ko 600 da talaka zai iya saya ko ara, ƙofarsa ƙarama ce, mai babbar ƙofa kuwa kuɗinsa ya kai na mota. In ka daɗe da barin ƙofa a buɗe, duk motsin da hannunka ko dabbar ta yi sai ya shafe hoton. Tsohuwar ƙa'idar masu sana'ar ita ce, in gilashinka mai milimita 400 ne kuma a hannu kake riƙe da shi, kada ƙiftawar kyamara ta yi jinkirin da ya wuce kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa. ISO kuwa kamar ƙara sautin rediyo ne a gajeren zango, muryar mai labarai za ta ƙaru, amma shuuu ɗin ma zai ƙaru tare da ita. A hoto, wannan shuuu ɗin shi ne yashi-yashin da ke cinye gashin dabba.

Mafitar tana cikin wannan daskarewa da ta yi. Muntijak in ta ji abin da ba ta gane ba, ba gudu take fara yi ba, tsayawa take yi kamar gunki, daƙiƙa uku, biyar, wani lokacin goma, tana auna lamarin. A wannan ɗan tsakanin ba ta motsi ko kaɗan, don haka motsin da ya rage naka ne. In ka ɗora gilashin kan 'yar jaka cike da wake ko shinkafa a bisa ƙarfen motar, aka kashe inji, sauran fasinjoji suka natsu, za ka iya sassauta ƙiftawar zuwa kashi ɗaya cikin 125 ko kusa da haka, ka sami ninkin hasken da kake da shi har sau uku, ka rage yashin. Sai ka danna a jere, biyar ko shida, ɗaya zai fito. Jakar waken nan, wadda tela zai ɗinka maka da canjin aljihu, ta fi madogarin kyamara mai ƙafa uku mai tsada amfani a cikin mota.

Kuskure na biyu saiti. Kyamara in ka bar ta ta zaɓa da kanta, abin da ya fi kusa kuma ya fi fitowa fili take kamawa, a kurmi kuwa kullum akwai reshe ko ganye tsakaninka da dabba. Dole ka rage mata zaɓi zuwa ɗigo ɗaya, ka ɗora shi kan ido. Sababbin kyamarori suna gane idon dabba da kansu, amma ko su baƙin layin fuskar muntijak da ramin ƙasan idonta sukan ruɗa su a cikin inuwa. Na uku kuwa shi ne miƙewar da na yi. Dabbobin gandu sun saba da mota, suna ɗaukar ta wani ƙaton abu ne mai wari da ba ya cin kowa. Muddin kana zaune, kai da mota abu ɗaya ne. Ka miƙe, siffar mutum ta fito, ka koma abin tsoro. Haka in ka ɗaga kyamara farat ɗaya. Gwanaye tun kafin dabba ta ɗago kai kyamararsu na kan jaka, fuskarsu na bayanta, ba sa haɗa ido da ita, in kuma ta zuba musu ido sai su tsaya, sai ta koma kiwo su gyara zama.

Filasha ba ta cikin lissafi. Ko ba don doka ba, dabbar da idonta ya saba da duhu ka watsa mata farin haske, ka bar ta cikin ɗimuwa a dajin da taiga ke yawo, ai ba ka kyauta ba. Haka masu kunna muryar dabba a waya don su jawo ta, ko masu jefa abinci. Wannan farauta ce da wani suna.

Akwai abin sha'awa a tarihin wurin game da wannan. Jim Corbett, wanda aka sa wa gandun sunansa bayan rasuwarsa a Kenya a 1955, maharbi ne da ya yi suna wajen kashe taiga da damisoshin da suka addabi ƙauyukan Kumaon da cin mutane, kuma da kunne yake bin sawunsu, ta hanyar irin waɗannan koke-koke na kakar da biri. Daga baya ya fi karkata ga kyamara. Wanda ya yi masa tasiri a kan haka wani jami'in gandun daji ne mai suna F. W. Champion, wanda tun a shekarun 1920 yake ɗana kyamara a hanyar dabbobi a wannan yanki, ya ja siririyar waya a ƙasa, dabba in ta taka ta ɗauki hoton kanta da kanta. Gandun kansa an kafa shi a 1936 da sunan Hailey, shi ne irinsa na farko a Indiya.

Bari in ɗan kauce hanya, don akwai wani al'ajabi a jikin dabbar nan da kyamara ba ta isa ta ɗauka ba. A cikin kowace ƙwayar halitta, bayanan gado a ɗaure suke ƙulli-ƙulli, ana kiran kowane ƙulli kuromozom. Ɗan Adam yana da 46. Muntijak ɗin Indiya, wadda na gani a Corbett, macenta tana da 6, namijin 7. Babu wata dabba mai shayarwa da aka sani da ƙarancin da ya kai wannan. Masana biyu, Doris Wurster da Kurt Benirschke, su suka bayyana haka a 1970. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne 'yar uwarta ta ƙasar Sin, wadda ake kira muntijak ɗin Reeves, tana da 46 cif, alhali in ka jera su ba kowa zai bambance ba. Ba wai ta Indiya ta zubar da bayanan gadonta ba ne. Hatsin gona ɗaya ne, wani manomi ya ɗaure nasa ƙananan dammuna 46, wani ya haɗe su ya yi manya shida. Ƙullin ne suka riƙa mannewa baki da baki a tsawon zamani. Shi ya sa masu binciken ƙwayoyin halitta ke son ƙwayoyinta a ɗakin gwaji, manya ne, kaɗan ne, ana ganin su ba wahala.

Darajar hoton muntijak kuma ta danganta da inda ka ɗauke shi. A gandun Khao Yai na Tailan, wanda aka kafa a 1962, irin wadda ta wahalar da ni tana kiwo a filin ciyawa kusa da ofishin baƙi da wuraren kafa tanti, da wayar hannu ma sai ka ɗauke ta. Sabo da mutane ne, kuma ba alheri ba ne zalla, don dabbar da ta koyi shinshina ledar abinci tana haɗiye ledar. A 2019 an tsinci gawar wata barewa a wani gandu na arewacin ƙasar da shara kilo bakwai a cikinta, galibi leda.

A Ingila kuwa labarin ya juye. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kai muntijak ɗin Reeves gandun gidan sarautar Woburn a Bedfordshire don ado. Wasu suka tsere, wasu aka sake su da gangan. Da yake ba ta da lokacin haihuwa, duk bayan wata bakwai tana iya sauke ɗa kuma ta sake ɗaukar ciki cikin 'yan kwanaki, ga shi babu damisar da za ta rage ta, sai ta mamaye kudanci da tsakiyar ƙasar. Tana cinye tohon itatuwa da furannin daji, tana share ƙananan kurmin da tsuntsaye ke sheƙa a ciki, tana shiga lambunan mutane, motoci suna karo da ita. Tun Disamban 2019 doka ta hana sakin ta a daji. Can hotonta a bayan gida ba abin alfahari ba ne, shaidar ƙorafi ce.

Sai ka gangara tsaunukan Annam, kan iyakar Biyetnam da Lawos. A 1994, a dajin Vu Quang, masana suka ga wasu ƙahoni rataye a gidajen maharba da suka fi na kowace muntijak da aka sani girma. Haka duniyar ilimi ta san da babbar muntijak, mafi girma a dangin, shekara biyu bayan gano saola, wata dabba dangin shanu, a wannan daji. A 1997 kuma masanin dabbobi Alan Rabinowitz ya ci karo da wata 'yar mitsitsiya a arewacin Myanmar, mai nauyin kilo goma sha kaɗan, wadda maharban wurin ke kira barewar ganye don ganye ɗaya babba ya isa a naɗe ta. A ƙarshen ƙarni na 20 ake wannan, lokacin da ake zaton an gama sanin manyan dabbobin duniya. Amma kafin a gama murnar ganowa, babbar muntijak ta shiga jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Tarko ne ya cinye ta, tarkon zarge da ake yi da wayar burkin babur, mai arha, wanda mutum ɗaya zai ɗana ɗaruruwa a layi, kuma ba ya tambayar sunan wanda ya taka. Haushi ba ya maganin wannan, don babu wanda za a gaya wa "na gan ka". A can, kusan duk hotunanta masu rai jikokin dabarar Champion ne suka ɗauka, kyamarorin da ake ɗaurewa a gindin itace a tafi a bar su watanni, suna jin ɗumin jiki da motsi su ɗauka. Hoto ɗaya mai dishi-dishi, da kwanan wata a gefensa, ya isa ya sa a tura masu gadi su kwance tarkuna a wani kwari.

Safiyata ta ƙarshe a Bijrani ba mu ga taiga ba, kamar sauran. 'Yan motarmu kowa ya cika ya yi fam, kyamarori sun koma jaka, direba yana sauri ya kai ƙofa kafin lokacin fita ya cika. Ni ne na hango jan abu a gindin wani kurmi na taɓa kafaɗar jagora. Ya dube ni, ya dubi agogo, ya ce wa direba minti biyu. Wannan karon ban tashi ba. Na riga na naɗe bargona na ɗora kan ƙarfe a madadin jakar wake. Namiji ne, kunnensa na hagu a tsage, tsinin haure ɗaya ya leƙo. Ya daskare, na danna sau shida. Sai ya yi abin da ban taɓa tsammani ba, ya zaro wani dogon harshe ya lashe fuskarsa tun daga hanci har saman ido, ya koma tsintar 'ya'yan itace kamar ba mu nan. Na huɗu a cikin shidan ne ya fito, ISO 5000, da yashinsa da komai, amma ana ganin raɓa a gashin goshinsa. Wani daga kujerar baya ya yi tsaki ya ce akuya ce kawai, direba ya tayar da mota.